Amsoshin Tambayoyinku: Hayar Babur a Kwazazzabon Taroko na Taiwan

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina harkar kayan injuna. Zan je baje koli a Taipei, kuma bayan an tashi ina da kwana biyu babu aikin komai. Na ga hotunan wani wuri da ake kira Taroko, mutane a kan ƙananan babura suna ratsa tsakanin duwatsu, abin ya shiga raina ƙwarai. Tun ina saurayi nake hawa babur, ban taɓa faɗuwar kirki ba. In ɗauki hayar babur ɗin, ko in bi motar masu yawon buɗe ido, ko in ɗauki shatar tasi?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka.

Kafin maganar abin hawa, ka duba shekarar da aka ɗauki hotunan nan. Yawancin waɗanda ke yawo a intanet an ɗauke su ne kafin safiyar 3 ga Afrilu, 2024, ranar da girgizar ƙasa mai ƙarfin maki fiye da 7 ta auka wa gundumar Hualien, inda Taroko yake. Rabon Taiwan da irinta tun 1999. Duwatsu sun zubo a kan titi da kan hanyoyin ƙafa, an rasa rayuka a cikin gandun ƙasa na Taroko kansa, har da masu tattaki a hanyar Shakadang. Ana cikin gyara kuma sai guguwar teku ta biyo baya a wannan shekarar, ruwa ya ƙara zaftare abin da girgizar ta sassauta. Hukumar gandun ta rufe wurare da dama, ta kuma ce gyaran wasu zai ɗauki shekaru. Babban titin ma an koma buɗe shi a wasu sa'o'i ƙayyadaddu, a saki motoci su wuce, a sake rufewa ma'aikata su ci gaba da aiki. Saboda haka abin da za ka fara yi, tun kafin ka sayi tikitin jirgin ƙasa, shi ne ka buɗe shafin hukumar gandun Taroko, wanda ke da sashen Turanci, ka ga abin da yake buɗe a makon da za ka je. Ka sake dubawa da daddare ana gobe tafiya. Abin da aka buɗe jiya ana iya rufe shi yau idan an kwana ana ruwa.

Ba ina kashe maka gwiwa ba ne. Wurin ya cancanci wahalar zuwa. Kogin Liwu ne ya yi ta cin dutsen mabul shekaru aru-aru, ƙasar kuma tana ta tasowa sama saboda ɓawon ƙasa guda biyu da ke turereniya a ƙarƙashin tsibirin. Ruwa na yanka ƙasa, dutse na hawa sama, shi ya sa kwazazzabon ya zama mai zurfi da matsi, a wasu wuraren bangon dutsen ya doshi mita 1,000 a tsaye, sai ka ɗaga kai sosai kafin ka hango sararin sama. Turereniyar nan da ta haifar da kyawun, ita ce kuma ke kawo girgizar. An ayyana wurin a matsayin gandun ƙasa a 1986, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 920, sunansa kuma daga 'yan asalin yankin ya samo, ƙabilar Truku, waɗanda har yanzu suna zaune a ƙauyukan bakin kwazazzabon.

Titin da za ka bi shi ne mai lamba 8, wanda ya ratsa tsibirin daga gabas zuwa yamma. Tsofaffin sojoji ne suka fasa shi tsakanin 1956 da 1960, galibi da diga da guduma da nakiya, kuma fiye da mutum 200 sun mutu a aikin. Akwai wani ɗan gini a jikin dutse, ruwa na kwarara ta ƙarƙashinsa, da aka yi don tunawa da su, ana kiransa Changchun. Na kawo wannan tarihin ne don ka san irin titin: an sassaƙa shi ne a jikin dutse a zamanin da motoci ba su da yawa. Ko da yake an faɗaɗa shi an kuma huda sababbin ramuka daga baya, akwai wuraren da har yanzu mota biyu ba sa wucewa tare, akwai kwanar da ba ka ganin abin da ke bayanta, akwai ramukan cikin dutse masu duhu da ruwa ke ɗiga daga rufinsu ya jiƙa kwalta.

To, ga ra'ayina. Idan abubuwa uku sun cika, babur ya fi komai daɗi a wurin nan, nesa ba kusa ba: kana da lasisin da Taiwan ta yarda da shi, titin a buɗe yake, kuma an yi kwanaki ba a yi ruwa mai ƙarfi ba. A kan babur kana jin sanyin da ke tasowa daga kogin, kana jin rurin ruwan, kana tsayawa inda aka halatta tsayawa ba tare da neman wurin ajiye mota ba, babu mai kiran ka da cewa lokaci ya cika. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, ka ɗauki shatar tasi daga Hualien, kai kaɗai ko ku haɗa kuɗi da abokan tafiya. Direbobin garin sun san sa'o'in buɗe titi, sun san inda dutse ya saba zubowa, rufin mota kuma kariya ce daga ƙananan duwatsun da hular kwano kaɗai ba za ta tare maka a kafaɗa ko a gadon baya ba. Motar masu yawon buɗe ido ta fi tasi arha, amma ita ce na fi sakawa a ƙarshe, domin ana sauke ku tare a kwashe ku tare, kuma tun bayan girgizar jadawalin motocin ya sha canzawa.

Ƙwarewar da ka ce kana da ita ban raina ta ba. Mutumin da ya iya kutsawa tsakanin 'yan Adaidaita a Kano yana da ido da saurin hannu. Sai dai babur ɗin da za su ba ka daban yake da wanda ka saba. Ƙarami ne marar giya, ƙirar Besfa, yawanci mai ƙarfin 125cc. Abin da hannunka na hagu ya saba matsawa a matsayin kuloci, a nan birkin baya ne, kuma babu birkin ƙafa. Wanda ya shekara ashirin yana danne kuloci da ƙarfi, ran da ya firgita hannunsa zai yi abin da ya saba, tayar baya ta ƙulle. Tayoyin kuma ƙanana ne, tsakuwa kaɗan a kan kwana tana iya zame su. A gangara injin ba ya riƙe babur ɗin kamar yadda giya ta biyu ke yi, nauyin duka a kan birki yake, idan ka daɗe kana riƙe da shi sai ya yi zafi ya rage kamu. Ka riƙa matsa biyun tare, kana saki, kana tsayawa su huce. Kafin ka nufi dutse, ka yi kamar rabin awa kana zagaya unguwar da babu cunkoso har hannunka ya gane sabon tsarin.

Game da tsarin tafiyar: jirgin ƙasa mai sauri daga Taipei zuwa Hualien yana ɗaukar awa biyu da wani abu. Masu ba da hayar babura suna jere a gaban tashar Hualien, daga nan zuwa ƙofar gandun kuma kimanin kilomita 25 ne a kan shimfiɗaɗɗen titi mai manyan motoci. Tashar Xincheng ta fi kusa da ƙofar ƙwarai, ga wanda ba ya son wannan doguwar shimfiɗa. Daga ƙofar zuwa Tianxiang, inda yawancin baƙi ke juyowa, bai kai kilomita 20 ba, kuma mafi kyawun kwazazzabon duk a tsakanin nan yake. Ka kwana a Hualien, ka fita bayan sallar asuba da gari ya waye, ka dawo kafin la'asar. Kada ka bari zumuɗi ya ja ka ka wuce Tianxiang zuwa saman tsaunin Hehuan. Mashigar Wuling da ke can tana kan tsayin mita 3,275, hazo yana rufe titi da yamma, sanyin kuma ba irin wanda rigar da ka zo da ita baje koli za ta tare ba ne.

Malam, ina da lasisin mota na Najeriya, kuma na yi na ƙasa-da-ƙasa. Wani abokina ya ce wasu shagunan ba sa ma tambaya, fasfo kawai za ka nuna su ba ka makulli. Ya halatta in yi hakan?

Ƙanena, abokinka bai yi ƙarya ba cewa akan samu irin waɗannan shagunan, amma shawararsa ba ta da kyau, kuma ina roƙon ka kada ka bi ta.

Lasisin ƙasa-da-ƙasa ba ya ƙara maka wani izinin da ba ka da shi a gida. Abin da ke kan lasisinka na asali shi ake kwafewa a kansa. Idan na mota kaɗai gare ka, to na mota kaɗai ne a Taiwan ma. A Najeriya ajin babur shi ne A, kuma sai an buga hatimi a gurbin babur a cikin littafin na ƙasa-da-ƙasa kafin ya yi maka amfani. Mutanenmu da yawa sun shekara suna hawa babur ba su taɓa yin wannan ajin ba, domin a gida ba kasafai ake tambaya ba.

Akwai mataki na biyu. Taiwan tana karɓar lasisin ƙasashen waje ne bisa tsarin ba-ni-in-ba-ka, wato gwargwadon yadda ƙasarka ke karɓar nata, kuma kowace ƙasa da matsayinta a jerin da hukumar titunansu ke wallafawa. Ofishin kasuwanci na Taipei da ke Legas, inda za ka nemi biza, shi ne wurin da ya dace ka yi wannan tambayar, ka kuma nemi amsar a rubuce. Ɗan Nijar ko Gana ko Kamaru ya tambayi ofishin da ke kula da bizar ƙasarsa. Wanda aka yarda da lasisinsa yana iya tuƙi da shi har kwana 30 daga shigowarsa. Wanda zai wuce haka sai ya je ofishin kula da ababen hawa a yi masa rajista.

Me zai faru idan ka hau babu izini? Tara tana nan, kuma mai nauyi ce. Amma ba ita ce ta fi damuna ba. Kamfanonin inshorar tafiya sukan rubuta a cikin sharuɗɗansu cewa ba za su biya ko sisi ba idan hatsari ya same ka kana tuƙi babu lasisi mai inganci. Ka kwatanta kanka da karyayyar ƙafa a asibitin Hualien, kuɗin aiki a kanka, kuɗin gyaran babur a kanka, idan kuma ka buge wani, diyyarsa ma a kanka, ga jirgin komawa gida ya tashi ya bar ka. Mai shagon da ya miƙa maka makulli yana murmushi ba zai ɗauki ko ɗaya daga ciki ba. Ko mai cikakken lasisi ma ya karanta takardar inshorarsa da kyau, domin wasu kamfanonin sun cire babur gaba ɗaya, wasu kuma sun tsaya a 125cc.

Idan takardunka sun cika, ga dokoki biyu da ke kama baƙi. A mahaɗa da yawa babur ba ya yanke hagu kai tsaye: za ka miƙe ka tsallaka zuwa wani farin akwati da aka zana a kwalta a ɗaya gefen, ka juya kan babur ɗin, ka jira danja ta ba ka hannu. Akwai allo mai launin shuɗi da ke nuna haka. Sannan ba a shiga dama idan danja ta nuna ja, sai in akwai kibiyar da ta ba da izini. Tuƙin a hannun dama ne kamar na gida, wannan kam ba zai ba ka wahala ba.

Ni da maigidana za mu je, shi zai tuƙa ni kuma ina baya. Ya ce babur ɗaya ya ishe mu. Ni dai gabana yana faɗuwa. Ina sanya dogon hijabi da abaya. Me za ka ce?

Hajiya, faɗuwar gaban nan taki tana da hujja, kuma ina fatan Alhaji zai karanta wannan amsar tare da ke.

Goyo ya halatta a dokarsu, mutum ɗaya a baya, kowa da hular kwano. Amma manya biyu a kan 125cc, a titin hawa da gangara, nauyi ne da ke ƙara wa birki aiki ya kuma tsawaita nisan da babur ke yi kafin ya tsaya. Idan maigida bai saba da irin wannan babur ɗin ba, ranar farkonsa a kai bai kamata ta zama ranar da yake ɗauke da ke a bakin kwazazzabo ba.

Maganar sutura kuwa kin fi ni sanin ta. Kusan kowace unguwa a garuruwanmu an san labarin matar da tayar babur ta naɗe mata hijabi ko gefen zani ta fizgo ta ƙasa. A cikin kwazazzabo iska tana kaɗawa da ƙarfi, musamman a bakin ramukan dutse, tana ɗaga duk abin da ya saki. Idan har za ki hau, ki sa wando mai kauri a ciki, ki tattare abayar a cinyarki, ki zaɓi hijabin da ya tsaya a ƙugu ki kuma ɗora jaket a kansa ki zuge. Zaman gefe ɗaya, ƙafafu biyu a haɗe, doka ta hana shi a Taiwan. Sai dai ki raba ƙafa. Ki gwada hular kwanon a kan ɗankwalinki tun a shago, idan ta yi sako-sako ko ta ƙi zama saboda ƙullin gashi, a canza miki ko ki sassauta ƙullin zuwa ƙeya. Hular da ba a ɗaure maɗaurinta ba tana tashi kafin kai ya taɓa ƙasa.

Da ni za a bi, ku biyu ku ɗauki tasi zuwa cikin kwazazzabon. Idan Alhaji yana marmarin babur ɗin, washegari ku hau shi zuwa bakin tekun Qixingtan da ke gefen birnin Hualien, titi shimfiɗaɗɗe, tafiya kaɗan, ga teku ga tsaunuka a bayanku. Kowa ya samu abin da yake so, ke ma ki kalli duwatsun hankalinki a kwance maimakon ki wuni kina ƙanƙame da rigarsa.

Mai lantarki ko mai shan mai? Kuma me zan saya kafin in shiga?

Mai shan mai, Malam. Taiwan ta yi nisa a baburan lantarki, kamfanin Gogoro yana da rumfunan musayar batir birjik a birane, amma cikin dutse ba birni ba ne. Akwai kuma wasu ƙanana da ba sa wuce gudun kilomita 25 a awa, waɗanda ba sa buƙatar lasisi, shi ya sa ake tallata su ga baƙi. Ba a goyo a kansu, hawa yana shanye batirinsu da wuri, kuma kasancewa mafi sanyin gudu a cikin rami mai duhu, babbar mota na bin ka a baya, ba wuri ne mai aminci ba. Sun dace da zagaya gari kawai.

Ka cika tanki kafin ka shiga ƙofar gandun. A shago ka matsa birki biyun ka ji kamunsu, ka duba zanen tayoyi, ka kunna fitila da sigina, ka ɗauki bidiyon jikin babur ɗin a gaban mai shi saboda kada a ɗora maka tsohon ƙarce. Ka tambayi abin da za ka biya idan ya lalace, da lambar da za ka kira idan ya mutu a hanya. Fasfonka kuma kada ya kwana a hannun kowa, su ɗauki hotonsa su ba ka abinka. Hular da ake haɗawa da haya galibi 'yar rabin kai ce. Ka nemi mai rufe haɓa ko da za ka ƙara kuɗi.

Sayayyar ba ta da yawa: rigar ruwa, wadda ake samu da arha a kantunan 7-Eleven da FamilyMart, safar hannu, takalmi mai rufe yatsu, ruwan sha, da layin waya na ƙasar. Ka sauke taswira a wayarka tun a masauki domin sabis yana ɗaukewa a tsakanin duwatsu. Baƙin tabarau kuwa ka cire shi kafin kowane rami, fitilarka ta kasance a kunne tun daga fita har dawowa. Inda ka ga sababbin duwatsu a zube a kan kwalta, kada ka tsaya ɗaukar hoto, na sama ba su gama saukowa ba. Lambar 'yan sanda 110, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119. Daga Yuli zuwa Oktoba ne guguwar teku ta fi yawa. Idan an yi shelar tana tafe, ka fasa tafiyar baki ɗaya.

Abinci da salla fa? Ina tsoron naman alade.

Tsoron yana kan hanya, Malam, domin alade da kitsensa suna shiga girkin Taiwan sosai, har a romon da ake ganin kamar na ganye ne. Ka yi guzuri daga Hualien. Akwai Musulmi 'yan Indonesiya masu yawa da ke aiki a ƙasar, kuma shagunansu ne mafi sauƙin wurin samun abincin halal. Akwai kuma gidajen abincin mabiya addinin Buddha da ba sa girka nama sam, suna da yawa a Hualien. Dafaffen ƙwai, ayaba da gasasshen dankalin Hausa kuwa kantunan kan hanya suna sayarwa. A Tianxiang ka ɓoye ledarka a ƙarƙashin kujerar babur, birran wurin sun saba fizge abinci daga hannun mutane.

Kai matafiyi ne, kana da sauƙin kasaru. Ka tafi da 'yar darduma mai naɗewa, ka yi alwala a bayan gidan cibiyar baƙi, ka yi sallarka a fili nesa da gindin dutse. Alƙibla daga Taiwan tana yamma ne, da ɗan karkata zuwa arewa. Idan Juma'a ta riske ka a Taipei, Babban Masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1960, yana kallon lambun Daan, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana sauke ka kusa da shi.